Tafkin da aka raba biyu: nazarin rikicin farauta a wani ƙauyen ƙasar Daura

Wurin da mutanensa

Ƙauyen yana cikin masarautar Daura, ba nisa da iyakar Nijar. Ba zan kama sunansa ba, haka ma mutanen da abin ya shafa, don dukkansu suna raye kuma sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a. Ni malamin makaranta ne a garin, kuma ni aka danƙa wa littafin kwamitin da aka kafa daga baya, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Arewa da gari akwai tafki a cikin fadama. Ba dam ba ne irin Sabke ko Daberam, ruwan sama ke cika shi tsakanin Yuni da Satumba, ya riƙe ruwa har Maris, a shekara mai albarka ya taɓa Afrilu. Idan ya cika, zagaya shi a ƙafa yakan ci awa ɗaya da rabi. Gefen gabas lambuna ne: albasa, tumatir, attaruhu da 'yar alkama. Arewa burtali ne da mashayar shanu. A kudu mata ke wanki, samari na buga tubali. Yamma kuwa kacala ce da bado da kurmin bagaruwa, ƙasa mai laka da ba ta nomuwa, kuma nan tsuntsaye ke kwana.

Tsuntsayen iri biyu ne. Akwai 'yan gida, su kirinjijiya da dinya da kwarwa, masu yin ƙwai a nan cikin damina. Akwai kuma baƙi da ke sauka daga Oktoba, ƙananan agwagin ruwa da ake ƙyanƙyashewa a Turai da yammacin Asiya, su tsallako Sahara su yi hunturu da mu, su juya a Maris. Babban masaukinsu a ƙasar nan fadamun Haɗeja da Nguru ne. Tafki irin namu zango ne a kan hanya.

Maharban gari ba su kai ashirin ba, suna ƙarƙashin Sarkin Baka, dattijon da ya gaji sarautar daga mahaifinsa. Manoma ne, farauta sana'ar rani ce, kuma makaminsu bindigar adaka da gora da 'yan karnuka.

A takarda dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta kasa dabbobi kashi-kashi, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasisi. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko adaka sai da izinin 'yan sanda. Akwai dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa, akwai ƙa'idar 2011 da ta hana cinna wa daji wuta barkatai. Kafin wannan rikici ban taɓa jin wani a garin ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranin 2022: baƙin mafarauta sun sauka

Tushen abin yana can yammacin jihar. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasashen Safana da Batsari da Ɗanmusa, shi ne inda manyan ƙungiyoyin farauta suka saba zuwa, sai 'yan bindiga suka mamaye shi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar tsaro da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana motocin ɗauko itace daga daji. Mafarautan da suka rasa wajen zuwa suka juyo gabas, inda ake kwana da ido biyu rufe.

Mota ta farko ta zo a Janairu da mutum wajen talatin da karnukansu, ana kaɗa gangi. Farautar gayya ce, ta zomo da gafiya da duk abin da ya motsa. Don su fitar da nama suka sa wa busasshiyar ciyawar yamma wuta, iska ta kwashe ta zuwa gabas, ta cinye darnin lambu uku da harawar da wani ya jibge a kan bishiya. Karnuka suka kashe awaki biyu. Kafin dagaci ya aiko, mota ta tashi.

Bayan su sai masu fitila, mutum biyu ko uku a kan babur, su shiga kacala da dare su haske tsuntsu a makwancinsa su harbe. Sai kuma abin da ya fi muni: wani ya fara watsa dawar da aka jiƙa da maganin ƙwari a bakin ruwa, da safe ya tsince gawarwaki ya yanka wuya don su yi kama da halal, ya kai kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin samarin gari da suka ga baƙi na kwasa su ma suka shiga, kada a bar su a baya.

A Fabrairu wani mai lambu ya fito ban ruwa kafin gari ya waye, ya sunkuya yana gyara kwami, aka harbi garken kirinjijiya daga ƙetaren ruwa. Ƙwayoyin dalma suka same shi a cinya da hannu. An cire su a asibiti a Daura, ya warke, amma ba a gano mai harbin ba. Kafin Maris tafkin ya yi tsit, in ban da balbela da zalɓe.

Matakin farko: hani gaba ɗaya

Kwana biyu bayan harbin dagaci ya sa aka yi shela: babu farauta a tafki da kewayensa, ga ɗan gari da baƙo, har sai abin da hali ya yi. Masu lambu suka yi murna.

Shela a gari ake yin ta, baƙi ba su ji ba. Waɗanda suka ji su ne maharban gida, kuma su ne a da ke kwana a bakin ruwa, suka san sawun kowane babur. Da suka rataye bindigogi, tafki ya zama ba mai ido a kansa da dare. Masu fitila suka samu sarari. Wasu daga cikin samarin maharba, da suka ga haramcin rana da na dare duk ɗaya ne, su ma suka koma dare, inda ba a ganin fuska. Sarkin Baka ya je fada sau ɗaya ya faɗi gaisuwa, ya ce: "Ranka ya daɗe, an kulle maigida a waje, an bar wa ɓarawo ɗaki." Dagaci bai janye ba, don a lokacin jinin mai lambun bai bushe a zukatan mutane ba. Damina ta zo ta rufe maganar.

Kakar 2022: karɓe bindigogi

Da ruwa ya ɗauke tsuntsaye suka dawo, harbi ma ya dawo. Wannan karon masu lambu suka tsallake fada suka kai ƙara wajen hukuma. Jami'ai da 'yan sintiri suka zo da asuba suka bi gidajen da aka nuna musu, suka karɓe adaka shida, duk marasa lasisi. Bisa doka ba su yi kuskure ba. Sai dai gidajen da ake iya nunawa gidajen 'yan gari ne. Masu mota da karnuka da gora suke zuwa, babu abin karɓewa a hannunsu, mai guba kuwa da leda yake yawo a aljihu.

Cikin bindigogin har da ta Sarkin Baka, wadda ya gada. An dawo da ita bayan sa bakin hakimi, amma daga ranar ya daina zuwa fada, kuma maharba suka daina sayen ko albasa daga masu lambu. Yaransu ma a makaranta sai da na raba musu benci.

Janairu zuwa Maris 2023: takardar izini

Malamin dajin da ke kula da yankinmu saurayi ne mai himma, bai daɗe da gama karatu ba. Shi ya kawo labarin yadda Amurka ke tafiyar da mafakar namun daji, musamman na bakin teku, kuma ya karanta abin sosai. A can tun 1903 aka keɓe wani ɗan tsibiri a gaɓar Fulorida don kare kwasakwasa da sauran tsuntsaye daga masu harbinsu saboda gashi. Yau irin waɗannan wurare sun haura 560, kuma da yawansu ana farauta a ciki bisa ƙa'ida. Duk wanda ya kai shekara 16 yana son harbin agwagwar ruwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, tsarin da aka fara a 1934 kan dala 1, ya kai dala 25 a 2015, kuma kusan duk kuɗin a sayen fadamu da adana su yake tafiya. Ana harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa faɗuwarta. Bindiga ba ta ɗaukar fiye da harsashi uku. Tun 1991 an hana harbin agwagwa da harsashin dalma, saboda tsuntsu yana tsintar ƙwayar a cikin laka ya haɗiye kamar tsakuwa, ta riƙa kashe shi a hankali. Sannan a filayen da aka saya takanas don tsuntsaye masu ƙaura, galibi ba a buɗe fiye da kashi 40 cikin 100 ga masu farautarsu.

Daga nan ya tsara namu. Takardar izini mai hoto, naira 2,000 na rani ɗaya, harbi daga ƙarfe 6:30 zuwa 10:00 na safe, kuɗin a tara don gyaran tafki. Aka kafa allon ƙarfe a bakin hanya ɗauke da ƙa'idojin. Dagaci ya amince don ya samu hanyar sauka daga kan haninsa ba tare da ya ce ya janye ba. Ni aka ba littafin rasit.

Mutum huɗu suka saya. Lokacin ya faɗa daidai da canjin kuɗi, da Babban Banki ya sa wa'adin tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Wanda ya kwana a layin banki a Daura ya samo dubu biyar ba zai ba da biyu don tsuntsu ba. Hoto kuma sai an je gari. Ga tambayar da kowa ke yi mini a kan hanya: "Malam, kuɗin nan wa zai riƙe?" Ga maharban da aka karɓe wa bindiga wata biyu da suka wuce ana ce musu su kawo suna da hoto a rubuta, wanda a wajensu tarko ne aka ɗana da hatsi a kai.

Abin da ya kashe tsarin gaba ɗaya ji-ta-ji-ta ce. Allon gwamnati a bakin fadama ma'ana ɗaya gare shi a wajen manomi: za a ƙwace. Aka fara cewa za a mayar da tafkin gandun daji, ana kafa hujja da dajin Kogo na ƙasar Faskari, wanda gwamnatin tarayya ta amince a ƙarshen 2020 ya zama gandun ƙasa. Masu lambun da suka fi kowa kuka da farauta su suka fi kowa tsorata. Wata safiya aka nemi allo aka rasa. Na gan shi bayan watanni, ya zama ƙyauren akurkin kaji a wani gida, rubutun yana kallon ciki.

Agustan 2023: tafiya cikin kacala

Na je gidan Sarkin Baka ne don in mayar masa da kuɗin ɗansa, ɗaya daga cikin huɗun nan. Ya karɓa bai ƙirga ba, ya ce in dawo gobe da sassafe da takalmin da ba na so.

Muka bi ta yamma, ruwa har gwiwa. Ba bindiga a hannunsa, sanda kawai. Ya tsaya a wani tudu mai ciyawa ya buɗe ta da kan sandar a hankali. Sheƙar kirinjijiya ce a ƙasa, ƙwai tara farare. Uwar ta tashi tana wannan fito nata mai gaɓa uku, ta faɗa ruwa nesa kaɗan tana jan fiffike kamar karyayya don ta janye mu. Ya mayar da ciyawar yadda take. Taku ashirin gaba ya nuna mini wata sheƙa, babu komai sai ɓawo da sawun ƙananan ƙafafu a laka.

"Malam, kuna ta rigima a kan rani, alhali a damina ake cinye tafkin nan."

Na ce, "Baba, a da yaya kuke yi?"

Ya ce a zamanin mahaifinsa, ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci ranar ake rataye baka. Ba a sake saukewa sai an kai amfani gida an yi buɗin daji. Kirinjijiya tana kwanci kusan wata guda a kan ƙwai, 'ya'yan su yi makonni ba su tashi, manyan ma akwai lokacin da suke zubar da gashin fiffike su kasa tashi, yaro da sanda ma ya kama su. Sannan ko an buɗe daji, ba a harbi a yamma. Dalilinsa shi ne tsuntsun da aka harba a wajen kiwo gobe zai dawo, don ciki ke kawo shi, amma wanda aka firgita a makwanci ya bar garin ke nan.

Da na kai wa malamin daji wannan magana sai ya yi shiru, can ya ce ai wannan ita ce kashi 40 ɗin da ya karanta, ita ce kuma kaɗai bai sa a allonsa ba, don ya ɗauka ba za a yarda a rufe wani sashe ba.

Nuwamban 2023: zaman ƙofar fada

Lokacin ya taimaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu kuɗin mai ya ninka kusan uku, shatar mota zuwa farauta ta yi tsada, kuma iyakar Nijar tana rufe tun Agusta bayan juyin mulkin Yuli. Baƙi sun ragu, gari ya samu numfashi. Tsadar ta kuma kawo sabuwar masifa ga masu lambu, satar injin ban ruwa da dare.

Liman ne ya je da kansa ya ɗauko Sarkin Baka. Aka zauna a ƙofar fada da wakilin hakimi da Arɗo da Sarkin Noma da malamin daji. Zama uku aka yi cikin mako biyu.

Raba tafkin bai ɗauki lokaci ba. Yamma duka, tun daga kurmin bagaruwa har gindin wata giginya da kowa ya sani, makwanci ne, ba harbi, ba kare, ba tarko, rani da damina. Gefen lambu da wajen wanki ma ba harbi, don mutane. Abin da ya rage shi ne gaɓar arewa da tudun bayanta.

Inda aka kai ruwa rana shi ne lokaci. Masu lambu suka ce sai rana ta fito an gane fuska. Maharba suka ce wanda ya jira hantsi balbela zai harba, don agwagwa da asuba take tashi. Masu lambu kuma da asubar suke ban ruwa, kafin rana ta shanye musu man da suka saya da tsada. Zama na biyu a nan ya watse. A na uku Sarkin Noma ya kawo abin da ya warware: masu lambu za su bar wa maharba asuba biyu a mako, ba wanda zai shiga lambu a ranakun sai hantsi, su kuma maharba su riƙa kwana bi da bi suna gadin injuna, a biya su da kayan lambu idan an yi ɗiba. Zaɓen ranakun ma da lissafi aka yi shi. Alhamis da Juma'a almajirai na hutu suna yawo bakin ruwa, Asabar 'yan boko, Lahadi kasuwar Mai'aduwa. Aka tsayar da Litinin da Laraba, daga sallame sallar asuba zuwa hantsi, kafin shanu su gangaro. Ba a ambaci agogo ba.

Kowace bindiga tsuntsu biyar. Ba a taɓa shamuwa da jinjimi da ungulu, haka gauraka idan Allah ya sa ta bayyana, don tsuntsuwar da ake kira ta ƙasar Najeriya ce amma ta kusa ƙarewa a cikinta. Wuta da fitila da raga da guba an hana su ko'ina. Liman ya ɗauki maganar guba zuwa mumbari, ya karanta aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kan abin da ya halatta na farauta, ya ce tsuntsun da magani ya kashe mushe ne ko an yanka wuyansa sau goma, mai sayarwa kuma ya ciyar da Musulmi haram da cuta.

Baƙo kuwa ba a hana shi ba. Zai sauka wajen Sarkin Baka, a haɗa shi da mai masauki daga cikin maharba, su fita tare, ya ba mai masaukin kasonsa kamar yadda aka saba, idan ya yi ɓarna mai masauki ke biya. Tara ba ta kuɗi ba ce: a riƙe bindiga a gidan Sarkin Baka, a yi aikin share hanyar da ke tare wuta tsakanin ciyawa da lambu, a biya abin da aka ɓata. Wanda ya maimaita, gaban hakimi, daga nan hukuma. Malamin daji ya nace a rubuta cewa wannan shiri bai ɗauke wa kowa neman lasisin bindiga ba, aka rubuta.

Turakun da muka kafa a kan iyaka ba su yi kwana goma ba aka yi girki da su. Sai muka sayi jan fenti muka zagaye gindin bishiyoyi masu rai.

Ranin 2024: gwaji biyu

Na farko daga cikin gida ya fito. A Janairu aka ji harbi a makwanci gab da magariba, masu gadi suka tare mai shi da dinya biyu a hannu. Ɗan ƙanen dagaci ne. Gari ya zuba ido. Dagaci ya sa aka kawo shi ƙofar fada da rana tsaka, ya ce wa Sarkin Baka, "Sarki, ɗanka ne, yi masa abin da aka rubuta." Bindigar ta zauna har saukar shamuwa, yaron ya yi kwana uku da fartanya a bakin lambu kowa na wucewa yana masa sannu da aiki.

Na biyu mota ce a Fabrairu, ranar Asabar, cike da mutane da karnuka. Masu gadi suka aika, Sarkin Baka ya fito da warkinsa da layunsa da maharba goma a bayansa. Bai tare hanya ba. Ya yi wa shugabansu kirari irin nasu, aka amsa masa, aka kawo ruwa da fura. Sannan ya ce tafki yana da mai shi, yau ba ranarsa ba ce, amma ga tudun arewa can bayan burtali akwai zomo, zai ba su yara biyu su raka su, sharaɗi ba ashana. Wasu samarinsu suka yi gunaguni, shugaban ya tsawata musu. Maharbi ba ya ƙetare maganar Sarkin Bakan wani gari a gaban yaransa, don shi ma yana da garin da yake so a girmama shi. Sun sake dawowa sau biyu a ranin, duk sai da suka aiko tukuna.

Ba wuta a ranin, ba wanda aka harba, ba injin da ya ɓace. Guba ta sake bayyana sau ɗaya a Maris, aka gane mai ita ta hannun mai sayen da ya ƙi karɓa ya kawo rahoto.

Daminar 2024 zuwa ranin 2025

Ɗiban ƙwai ya ragu amma bai tsaya ba. Malaman allo sun ja kunne, ni ma na yi a aji, sai dai yaron da ya tsinci ƙwai tara a ciyawa yana jin yunwa ba ya tuna kwamiti. Daminar ta yi ruwa sosai, tafki ya cika har ya taɓa burtali, kuma da hunturu kukan kirinjijiya ya dawo ana jin sa daga cikin gari da dare.

A ƙarshen Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida Kano yin sallah, bayan an ga bindigoginsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Mako guda bayan haka maharban garinmu suka same ni a makaranta, suka ce a yi musu katin shaida mai hoto da sa hannun dagaci, kuma a nuna musu hanyar neman lasisi. Mutanen da suka ƙi takarda a 2023 su suka tara kuɗin mota zuwa Daura ɗaukar hoto.

Abin da na gani a ciki

Matakai ukun farko duk tambaya ɗaya suka yi: wa zai yi farauta? Hani ya ce ba kowa, kame ya ce mai lasisi, takarda ta ce wanda ya biya. A dukkansu wanda hannu ke iya kaiwa gare shi ɗan gari ne, shi ne kuma mafi ƙarancin ɓarna kuma shi kaɗai ke iya tsaron wurin da dare. Shiri na huɗu ya bar wannan tambaya ya koma kan ina da yaushe, abubuwan da mai wanki ma za ta iya shaida an karya: ga jan fenti, ga rana, ga hantsi.

Tsarin Amurka ba shi da laifi a inda yake. Yana tsaye ne a kan ma'aikata masu albashi da kotu da amanar cewa kuɗin kan sarki zai koma fadama. Mun ɗauko takarda da kuɗi da agogo, waɗanda ba sa tafiya sai da waɗancan, muka bar rufe makwanci, wanda ba ya bukatar ko sisi kuma kakanninmu sun riga sun san shi. Ina ganin kuma da masu lambu ba su ba da asubarsu biyu ba, da maharba sun ɗauki shirin a matsayin wani hanin da aka canza wa riga. Ranar da dagaci ya miƙa ɗan ƙanensa ita ta mayar da rubutun littafina doka. Dawowar tsuntsaye kuwa ba zan ba kwamiti ladanta duka ba, ruwan 2024 da tsadar mai suna da kasonsu.

Dalma tana nan. Maharbanmu da ita suke ɗura adaka, wasu daga tsohon batir suke narko ta, kuma duk asubar Litinin da Laraba tana zuba a lakar arewa inda agwagi ke kiwo. Sarkin Baka ya haura saba'in, ɗansa da zai gaje shi yana aikin gini a Abuja. Sannan kacala, da ba mai shiga yanzu, ta fara cin ruwa tana matsowa wajen mashaya. Arɗo ya kawo kuka yana so a ƙone ta, maharba sun ce wuta ba ta shiga makwanci, malamin daji ya ce a yanke ta da lauje a ƙarƙashin ruwa bayan 'ya'yan tsuntsaye sun tashi. An sa maganar a zaman da za a yi idan an gama kai gero gida.